Yawan Sauya Ƙungiya Ba Alamar Gazawar Ɗan Baya Ba Ne

A wuraren kallon ƙwallo an daɗe ana cewa duk mai tsaron bayan da ya yi ta sauya ƙungiyoyi, ko dai kwaɗayin kuɗi ne ya kai shi, ko kuwa ba wanda ke son riƙe shi. Wannan hukunci bai yi wa 'yan wasa da yawa adalci ba, kuma rayuwar Kolo Touré ɗan ƙasar Ivory Coast ta isa hujja.

Arsenal ta ɗauko shi daga ASEC Mimosas ta Abidjan a 2002, kocinta Arsène Wenger ya zaunar da shi a tsakiyar baya kusa da Sol Campbell, suka lashe gasar Firimiya ta 2004 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Ya koma Manchester City a 2009, ya sake ɗaga kofin a 2012, sannan ya tafi Liverpool a 2013 bayan ƙarewar kwantiraginsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne, aikin ɗan baya yana dogara da karanta wasa da tsara abokan aiki, kuma wannan basira ƙaruwa take yi da shekaru ko da gudu ya ragu. Brendan Rodgers ya horar da shi a Liverpool, ya san amfaninsa, shi ya sa da ya zama kocin Celtic ya kira shi can a 2016, yana da shekara 35, kuma a wannan kaka ƙungiyar ta lashe gasar Sukotland ba tare da an doke ta ba.