Ma'anar ADS-B: tauraron ɗan Adam ba ganin jirgi yake yi ba, jinsa yake yi

Duk lokacin da aka yi maganar jiragen sama a rediyo yanzu, sai ka ji mai sharhi ya ce ai tauraron ɗan Adam yana kallon kowane jirgi, don haka zamanin ɓacewar jirgi ya wuce. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Rada ita ce mai nema: tana aika sigina ta bugi jirgi ta dawo. A tsarin ADS-B kuwa, wanda shi ne ake bibiyar jirage da shi ta tauraron ɗan Adam, jirgin ne da kansa yake shela. Yana karɓar matsayinsa daga GPS, sannan ya watsa cewa ni ne wane, ga inda nake, ga nisana daga ƙasa, ga gudun da nake yi. Taurari 66 na kamfanin Iridium suna saurare kawai, su miƙa wa masu kula da zirga-zirgar jirage a ƙasa.

Harafin D ɗin nan na tsakiyar ADS, wato "Dependent" a Turanci, shi ne gaba ɗaya zancen, kuma an yi dace, domin a Hausa ma ma'anarsa dogaro ce. An dogara ne da abin da jirgi ya faɗa game da kansa. Kamar direban mota ne da ke bugo wa mai gidansa waya daga hanyar Agadas: in ya kira an san inda yake, in ya kashe wayar shi ke nan. Jirgin Malesiya MH370, da ya ɓace a ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239, na'urarsa ta shela ce ta yi shiru. Irin wannan shiru, ko taurari dubu ne, ba abin da za su ji. Haka ma idan aka dagula siginar GPS, kamar yadda ake yi a yankunan da ake yaƙi.

Ba rage wa fasahar daraja nake yi ba, ta yi aiki ba kaɗan ba. A arewacin Tekun Atilantika babu inda za a kafa rada, saboda haka a da jirgi kan aiko da matsayinsa ne bayan kamar minti 14, ana kuma barin tazarar kilomita 74 ko fiye tsakanin na gaba da na baya. Daga 2019, da Kanada da Birtaniya suka fara amfani da tsarin kamfanin Aireon, mai sauraren ADS-B ta waɗannan taurari na Iridium, labari yana sabuntawa cikin daƙiƙa takwas, tazarar ta sauko zuwa kusan kilomita 26. Hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jirage a wasu ƙasashen Afirka, ita ma tana amfani da shi a sararin samaniyar Nijar da Chadi, inda Sahara ta fi ƙarfin rada.

To me ya sa ba a sauko zuwa kilomita 9 ba, kamar yadda ake yi a ƙarƙashin rada? Saboda sanin inda jirgi yake daban, iya ce wa matuƙi ya kauce nan take daban. A tsakiyar teku umarni yakan tafi ne a rubuce ko ta rediyo mai dogon zango, kuma kafin ya isa a amsa, jirgin da ke cin kusan kilomita 15 a minti ɗaya ya riga ya yi nisa.