Waiwaye: Ɗan majalisar jiha, tsakanin ƙofar gida da zauren doka

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan ɗan majalisar jiha da safiyar Asabar ya san yadda abin yake. Kafin hantsi tabarmi sun cika. Wannan ya riƙo takardar asibiti har ta yi laushi don ninkewa, wancan an yi masa haihuwa jibi suna, ga samari da takardun makaranta cikin leda suna jira a yi musu hanyar aiki. Onarabul na fitowa a tashi da "Allah ya maimaita mana", shi kuma ya sa hannu a aljihu. Da wuya ka ji mai tambayarsa wace doka ce ke gaban majalisa a makon, balle ɓangaren da ya mara wa baya.

Majalisa a Arewa ta girmi jihohin kansu. Tsarin mulkin Richards na 1946 ne ya kawo majalisun yankuna, Arewa ta samu biyu, ta sarakuna da ta wakilai, suna zama a Lugard Hall da ke Kaduna, ginin da majalisar dokokin jihar Kaduna take ciki har yau. Da farko aikinsu bai wuce ba da shawara ba. Duk da haka a can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, garambawul, maganar da a lokacin ba kowa ke iya furta ta ba. Ikon yin doka ya zo da tsarin Macpherson na 1951, sojoji suka rufe ƙofar a Janairun 1966.

Shekara 13 aka yi babu majalisa. A cikinsu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Murtala ya mai da su 19 a 1976. Wato jihohin sun buɗe ido ne suka ga gwamna shi kaɗai, shi ke yin doka, shi ke zartarwa. A ganina wannan tarbiyyar ba ta gama sakinmu ba.

Da farar hula suka dawo a 1979, Kaduna ta nuna iyakar ƙarfin majalisa. Gwamna Balarabe Musa ɗan jam'iyyar PRP ne, rinjayen majalisa kuwa na hannun jam'iyyar NPN. Ya yi ta aika sunayen kwamishinoni suna watsi da su, daga bisani suka tsige shi a Yunin 1981, gwamna na farko da hakan ta faɗa wa a Nijeriya. Gwamnonin baya sun ɗauki darasi, sai dai ba na zaman lafiya da majalisa ba: na kada a kuskura ta fita daga tafin hannu. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya sake rufe majalisun, majalisun 1992 kuma ba su cika shekara biyu ba.

Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha kada ta gaza mutum 24, kada ta wuce 40. Kano da Legas ne ke da 40, kujerun ƙasar duka 993. Dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Su ke yin doka, su amince da kasafin kuɗi, su tantance kwamishinoni, su binciki yadda aka kashe dukiyar jama'a. In gwamna ya ƙi sa hannu a doka cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya zartar da ita ba da shi ba. Ka bi sassan nan kaf, ba za ka ga haƙa rijiyar burtsatse ko rabon keken ɗinki da injin markaɗe ba. Amma da su ake auna ɗan majalisa a mazaɓarsa, kuma ba laifin talaka ba ne: inda asibitin gwamnati babu magani, ƙaramar hukuma ta zama kufai, wanda ake iya gani da ido shi za a kai wa kuka.

To ina ɗan majalisa zai samo abin rabon? Nan gizo ke saƙa. Shekara da shekaru kuɗin gudanar da majalisa, har na man janareta, sai an bi ta ofishin gwamna. A gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa wa majalisun jihohi damar cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, aka rasa majalisu 24 da ake buƙata su amince. An ba su 'yanci sun ce a kai kasuwa. Sai a Yunin 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa. Ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a Mayun 2020 don tilasta musu, ma'aikatan majalisu suka tafi yajin aiki a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022. A Maris ɗin 2023 aka sake rubuta batun a tsarin mulki. A zagayen nan kuma majalisun suka ƙi yarda ƙananan hukumomi su samu irin abin da su suka samu, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024.

Ba wai ba sa yin dokoki masu nauyi ba. Dokar shari'ar Musulunci da aka fara a Zamfara a 1999 ta majalisar jiha ta bi, jihohi 12 suka ɗauka. Majalisar Zamfara ce kuma ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni a Nuwamban 2019. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 sai da kowace jiha ta yi tata, Kano ba ta yi ba sai 2023. A 2024 Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Tun 2023 ma jihohi na da ikon yin doka kan wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali.

Abin dubawa shi ne saurin da doka ke yi in gwamna na sonta. A Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki majalisar Kano ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Kotu ta rushe dokar a Nuwamba saboda ba a bi ƙa'ida ba, aka sake yin ta a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, ƙarƙashin wata jam'iyyar, ta soke ta, gwamna ya sa hannu a ranar. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, zai yarda cewa ba a ƙofar gidan Onarabul aka tattauna ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai zaman jin ra'ayin jama'a, amma galibi a babban birni ake yin sa, da daftari cikin Turancin lauyoyi. Alhali sashe na 97 ya bai wa majalisa damar aiki da harshen mutanen jiharta, kuma tsohuwar majalisar Arewa da Hausa da Turanci take aiki.

Makamin da ya rage wa mai zaɓe shi ne kiranye, wato dawo da ɗan majalisa gida kafin wa'adinsa ya cika. Sashe na 110 ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ƙasar da ko ranar babban zaɓe rabin masu rajista ba sa fitowa, wannan sharaɗi ya fi ƙarfin mazaɓa. Tun 1999 ba a samu ɗan majalisa ko ɗaya, na jiha ko na tarayya, da aka dawo da shi gida ta wannan hanyar ba.