Ruth First da Helen Suzman: Yahudawa mata biyu da suka yaƙi wariyar launin fata

Su wane ne waɗannan mata?

Dukansu haifaffun Afirka ta Kudu ne, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga yankin Lituweniya da Latbiya. An haifi Helen Suzman a 1917, Ruth First kuma a 1925. Abokin gabansu ɗaya, amma kowacce da hanyarta.

Me Suzman ta yi a majalisar da Turawa zalla ke zama?

Ta wakilci mazaɓar Houghton daga 1953 zuwa 1989, kuma daga 1961 zuwa 1974 ita kaɗai ce 'yar jam'iyyarta a zauren. Makaminta tambaya ce. Gwamnati ta toshe bakin jaridu, amma abin da aka faɗa a majalisa ana iya buga shi. Sai ta riƙa tsare ministoci: mutum nawa aka kulle ba shari'a, nawa aka kama kan takardar izinin shiga gari, nawa aka tasa daga gidajensu. Amsar ta shiga kundin majalisa, washegari ta fito a jarida. A 1967 ta je kurkukun tsibirin Robben ta ga Mandela. Sai dai ta ƙi goyon bayan a ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumin tattalin arziki, abin da ya jawo saɓani tsakaninta da 'yan ANC da yawa, wato ƙungiyar su Mandela.

Ruth First fa?

'Yar jarida ce kuma 'yar gurguzu. A 1947 ta tona yadda ake bautar da baƙaƙen leburori a gonakin Bethal. Tana cikin mutum 156 da aka tuhuma da cin amanar ƙasa a 1956. A 1963 aka tsare ta kwana 117 ita kaɗai a ɗaki, ƙarƙashin dokar da Suzman kaɗai ta ƙi amincewa da ita a majalisa. Ranar 17 ga Agusta 1982 bam ɗin da jami'an tsaron Afirka ta Kudu suka aiko cikin wasiƙa ya kashe ta a ofishinta na jami'a a Maputo, babban birnin Mozambik.

Tana da alaƙa da Najeriya?

Ƙwarai. Littafinta na 1970, The Barrel of a Gun, nazari ne kan juyin mulkin soja, kuma Najeriya da Gana da Sudan ne manyan misalanta.

Al'ummar Yahudawan Afirka ta Kudu ta mara musu baya?

Ba a hukumance ba. Babbar ƙungiyarsu ta daɗe tana kame baki, sai a 1985 ta fito ƙarara ta la'anci wariyar. Percy Yutar ma, lauyan gwamnatin da ya gurfanar da Mandela a shari'ar Rivonia, wadda aka yanke masa ɗaurin rai da rai a cikinta, Bayahude ne.