Furen wardi da Ranar Masoya a Bauchi: tambayoyi da amsoshi

Da zarar Fabrairu ta kama, sai ka ga jajayen furanni da cakulan sun cika kantunan unguwar Yelwa ta Bauchi, musu kuma ya tashi a majalisu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai daga ina Ranar Masoya (Valentine) ta 14 ga Fabrairu ta samo asali?

Daga Rum. Valentine wani malamin Kirista ne da aka kashe a ƙarni na 3, kuma a shekarar 496 Paparoma Gelasius ya ware ranar don tunawa da shi. Zancen soyayya daga baya ya shigo, a waƙoƙin Ingila da Faransa wajen ƙarni na 14. 'Yan kasuwar katin gaisuwa da alawa ne suka ƙarasa ladan.

Gaskiya ne kowane launin fure da ma'anarsa?

A wurin Turawa, haka ne. A ƙarni na 19 mutanen Ingila sun mayar da fure tamkar wasiƙa: jan wardi yana nufin so, fari tsarkin zuciya, rawaya kuwa a da kishi ne, yanzu an ce abota. Amma saƙo sai wanda ya iya karatunsa. Ranar da wani saurayi ya aiko wa ƙanwata damin jan wardi, kakarmu ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan na miya ne ko na jiƙo?" Ba ta yi laifi ba. Jan furen da ta sani duk rayuwarta zoɓo ne.

To me ya sa kyautar fure ba ta kama ƙasa a wurinmu ba?

Bahaushe bai rasa hanyar nuna so ba. Akwai toshi, akwai kayan azumi da na sallah, ga lefe yana jira a gaba. Turare ne, atamfa, sabulu, takalmi, goro na manya: abin da za a buɗe a tsakar gida, gwaggo ta ɗaga, inna ta sa albarka, a aika wa maƙwabta su gani. Kyautar neman aure ta dangi ce gaba ɗaya, ita ke nuna yaron da gaske yake. Fure kuwa na mutum biyu ne, kwana uku ya yi yaushi.

Ga kuma yanayi. A busasshiyar iskar Fabrairu ɗanyen wardi ba ya jure Bauchi, sai an ɗauko shi daga wuri mai sanyi irin Jos. Turai ma daga gonakin tafkin Naivasha na Kenya take samun da yawa daga cikin nata. Shi ya sa akasarin abin da ke kantunanmu fulawar roba ce.

Ita fulawar kuɗi fa, wadda ake nannaɗe takardun naira kamar fure?

A yi hattara. Babban Bankin Najeriya ya sa ta cikin wulaƙanta naira, kuma sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

Me malamai suke cewa?

Galibin malamanmu na Musulunci ba su yarda da ranar ba, saboda asalinta da kuma keɓewar samari da 'yan mata da ake yi da sunanta. A jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2001, wannan magana tana da nauyi. Maƙwabtanmu Kiristoci na Yelwa da Tafawa Ɓalewa da Bogoro ma bakinsu ba ɗaya ba ne, wasu majami'u kan mayar da ranar taron nasiha ga matasa.

Ke nan bai wa mace fure laifi ne?

A nawa ganin, rigimar a kan ranar take. Hadisi ya ce a yi wa juna kyauta, za a so juna. Magidancin da ya dawo daga Jos a watan Yuli da damin wardi ya miƙa wa uwargida, babu mai ce masa kanzil. Sai dai ya haɗa da dankalin Turawa, don shi za ta fara tambaya.