Waiwaye: Ɗan Shaiɗanin da ke Kafaɗar Samarin Riverdale

Duk wanda ya taɓa buɗa tsofaffin mujallun zanen barkwanci na Amurka ya san hoton: saurayi ya tsaya yana sosa ƙeya, a kafaɗa ɗaya ga ɗan mala'ika cikin farar riga, a ɗayar ga ɗan shaiɗani ja da ƙaho da wutsiya, kowannensu da fuskar yaron sak. Ɗaya na cewa je ka yi karatu, ɗayan na cewa jarabawar ai sai jibi.

Masu zanen gadar abin suka yi. Tun ƙarni na biyu akwai rubutun Kiristoci na farko da ke cewa kowane mutum na tare da mala'iku biyu, na kirki da na mugunta, kuma marubutan wasan kwaikwayo na Ingila sun hau da su dandamali a ƙarni na 16. Kada mai karatu ya haɗa su da Raƙibu da Atidu. Waɗannan rubutawa suke yi, ba zuga ba. Kamfanin Disney ne ya mayar da abin wasan yara. A wani gajeren katun na 1938, shaiɗanin ya ja Donald Duck ya gudu daga makaranta ya tafi kamun kifi, ya miƙa masa lofe, ya zuƙa har kansa ya juya, sannan mala'ikan ya zo ya lakaɗa wa mai zugar duka.

A Disamba 1941 Archie Andrews, saurayi ɗan makaranta a ƙagaggen garin Riverdale, ya bayyana a mujallar Pep Comics ta kamfanin MLJ, da zanen Bob Montana. Ya karɓu har kamfanin ya ɗauki sunansa a 1946, masu kwaikwayo kuma suka cika kasuwa. Jarabar da ke damun waɗannan samari ba ta taka kara ta karya ba. Archie ya yi wa Betty alƙawarin fita, sai ga wayar Veronica 'yar mai kuɗi. Ko aljihu ya bushe ana gobe rawar makaranta. Ko takardar amsa ta faɗo daga teburin malama. Sau da yawa ma ba a bukatar zana ƙaho, don Reggie, abokin hamayyarsa, na nan yana raɗa masa dabara a kunne, Betty kuma na tsaye a matsayin zuciyar kirki, da wainar da ta toya masa a hannu.

Sai 1954 ta zo. Likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi yana zargin mujallun da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York a watan Afrilu kan batun, masu buga mujallu suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma ba a zubar da mutuncin iyaye da hukuma. Wanda ya shugabanci ƙungiyar masu bugawar shekara da shekaru shi ne John Goldwater, ɗaya daga cikin masu kamfanin Archie. Mujallun ban tsoro suka durƙushe, Riverdale ta ci gaba da cin kasuwarta.

A nan abin ya fi ban sha'awa a wurina. Doka ta ce alheri ya yi nasara, amma ba ta ce ya ba da dariya ba. Sai masu zane suka raba aiki: shafi huɗu ko biyar na mai zuga ne, shi ke da daɗin baki da dabaru, shi mai karatu ya biya sulallansa don ya gani. Mala'ikan kuwa akwatin zane na ƙarshe kawai ake bar masa. Kuma da wuya ya ci nasara da hujja. Archie ba ya tuba don ya gane kuskure. Asirinsa ne ke tonuwa, 'yan matan biyu su haɗu a wurin shan askirim, ko Mista Lodge, mahaifin Veronica, ya sa a wurgo shi waje ta ƙofa. Wata mai zuwa ya sake.

Mutum ɗaya ya ɗauki ɓangaren mala'ikan da gaske. Al Hartley, mai zanen Archie, ya rungumi addinin Kirista hannu bibbiyu a 1967, ya riƙa cusa wa'azi cikin labaran har aka ce ya sassauta. Goldwater, wanda Bayahude ne, ya ba shi izinin amfani da yaran a mujallun Spire na wa'azi daga farkon shekarun 1970. A can Betty na addu'a a ɗakin cin abinci na makaranta, ayoyi na biye da kowace matsala. An sayar da su sosai a shagunan littattafan coci, sai dai dariyar ta ragu ƙwarai.

Hukumar tacewar ta yi ta rasa mambobi har Janairu 2011, lokacin da kamfanin Archie, na ƙarshe da ya rage, ya daina buga hatiminta. Bayan shekara biyu kamfanin ya fitar da labarin da gawarwaki masu tafiya suka mamaye Riverdale, kuma Jughead, aminin Archie, ne farkon wanda ya rikiɗe.