Dartmoor

Dartmoor wani tudun fili ne mai faɗi a gundumar Devon, kudu maso yammacin Ingila, tsakanin biranen Exeter da Plymouth. A shekarar 1951 aka ayyana shi a matsayin gandun ƙasa mai kariya, yana cikin na farko-farko a Birtaniya, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 954. Irin ƙasar da Turawan Ingila ke kira "mur" ce: tudu mai sanyi da iska, ga yawan ruwan sama, ba itatuwa sai ciyawa da ƙananan tsirrai, ƙasar kuma ba ta karɓar noma sai kiwo. Mutane na zuwa yawon ƙafa, hawan doki da keke, hawan duwatsu, kallon tsuntsaye da kwana a tanti.

Yanayin ƙasa

Ƙashin bayan Dartmoor dutsen giranit ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa kusan shekara miliyan 300 da suka wuce. Ruwa da sanyi sun yi ta cin saman ƙasar har suka bar tarin duwatsu tsirara a kan tuddai, wani kan wani kamar an jera su da hannu. Waɗannan su ake kira "tor", kuma sun haura 160. Mafi tsayi shi ne High Willhays mai mita 621, sai maƙwabcinsa Yes Tor mai mita 619. Haytor bai kai su tsayi ba, amma ya fi su baƙi saboda yana bakin titi.

A saman tudun akwai fadamu masu baƙar ƙasa mai laushi, wadda ruɓaɓɓen gansakuka da ciyayi suka taru suka zama cikin dubban shekaru. Tana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya kacal a shekara, don haka ramin da tayar mota ko wuta ta yi a yini guda zai iya wuce tsawon rayuwar mutum bai cike ba. Wannan ƙasa tana riƙe ruwa kamar soso, daga cikinta ne koguna irin su Dart, Teign, Taw, Tavy da Plym suke tasowa. Daga kogin Dart wurin ya samo sunansa. Madatsar Burrator, wadda aka kammala a 1898, tana shayar da birnin Plymouth.

Ƙasa da fadamun akwai shimfiɗar heda, wani ɗan tsiro mai kaurin itace da bai cika wuce gwiwa ba. A watan Agusta zuwa farkon Satumba yakan yi fure mai ruwan hoda da shunayya, ya haɗu da rawayan furen wata ƙaya da ke girma tare da shi, tudu gaba ɗaya ya canja launi. Lokacin ne aka fi sha'awar zuwa.

Masu wurin

Baƙo yana iya ɗaukar Dartmoor a matsayin jejin da ba mai shi. Ba haka ba ne. Mutane sama da dubu 30 ne ke zaune cikin iyakokin gandun, kuma kusan kowane taƙi na ƙasar yana da mai shi. Babban yanki na tsakiya mallakar masarautar Cornwall ne, wato dukiyar da yarima mai jiran gadon Birtaniya ke ci. Sauran na manoma ne, da kamfanin ruwa, da ƙungiyoyin kare muhalli, da attajirai.

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gandun hurumi ne, inda manoman da ke kewaye suke da tsohon haƙƙin sakin tumaki da shanu da dawakai su yi kiwo. Ƙananan dawakan nan irin kuru da suka zama tambarin gandun ba na daji ba ne, kowanne da ubangidansa, kuma a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba akan koro su daga tudu a tantance su. Makiyayan sukan ƙona tsohuwar ƙaya da heda a lokacin sanyi don sabon toho ya fito. Kan yawan dabbobi da yawan ƙuna akwai doguwar jayayya tsakaninsu da hukumomin muhalli, waɗanda ke ganin kiwon ya yi wa heda yawa a wasu wurare. Amma duka ɓangarorin sun san cewa haƙorin dabba da hannun mutum ne suka mai da tudun fili buɗaɗɗe.

Wannan aiki ya daɗe. A zamanin tagulla, sama da shekara 3,000 baya, mutane sun zauna a nan da yawa, kuma har yau ana ganin tushen bukkokinsu na dutse fiye da 5,000. A Grimspound akwai tushen bukka 24 cikin katanga guda, mutum na iya shiga ta ƙofar ya tsaya a inda murhu yake. A Merrivale akwai dogayen layukan duwatsu da aka kafa a tsaye. Daga baya aka yi ƙarnoni ana haƙar kuza. Gidan yarin Princetown kuwa an gina shi tsakanin 1806 da 1809 don tsare fursunonin yaƙi na Faransa.

'Yancin shiga da rigimar tanti

A mafi yawan Ingila ba a shiga ƙasar wani sai ta hanyar ƙafa da doka ta amince da ita. Dartmoor ta riga sauran wurare samun sauƙi: dokar hurumin Dartmoor ta 1985 ta ba jama'a damar shiga hurumin a ƙafa ko a kan doki don shaƙatawa a sarari, shekara 15 kafin dokar 2000 ta buɗe irin waɗannan filaye a sauran Ingila da Wales. Bisa wannan doka ne aka daɗe ana ɗaukar Dartmoor a matsayin wuri ɗaya tilo a Ingila da mutum zai goya tantinsa, ya yi nisa da titi, ya kwana ba tare da neman izinin kowa ba.

Wani mai ƙasa a kudancin gandun, Alexander Darwall, ya kai ƙara yana cewa "shaƙatawa" ba ta haɗa da kwana ba. A watan Janairun 2023 babbar kotu ta ba shi gaskiya. Dubban mutane suka yi tattaki zuwa Stall Moor don nuna rashin amincewa, hukumar gandun ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yulin shekarar. A watan Mayun 2025 kotun ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cewa kwana a tanti yana cikin haƙƙin da dokar ta bayar. Haƙƙin yana da iyaka: tanti ƙarami da za a iya goyawa, dare ɗaya ko biyu, aƙalla mita 100 daga titi, cikin yankunan da taswirar hukumar ta nuna, ba hura wuta, ba barin shara.

Wuraren da aka fi karewa

Cikin gandun akwai ƙananan wurare masu ƙarin kariya. Yarner Wood, a gabas, yana cikin wuraren adana halittu na farko da aka kafa a Ingila, a 1952. Mafi shahara shi ne Wistman's Wood, kusa da Two Bridges, ɗan kurmin da bai kai hekta huɗu ba. Itatuwansa, irin waɗanda Turawa ke kira "ok", gajeru ne, karkatattu, sun fito daga tsakanin manyan duwatsun da suka hana tumaki cinye su tun suna ƙanana. Gansakuka ya lulluɓe dutse da reshe, har mutum ya rasa inda dutse ya ƙare itace ya fara. Kyan wurin ne ya jawo masa wahala, domin masu ɗaukar hoto sun yi ta tattaka duwatsun suna kankare abin da ya yi shekaru yana girma. Yanzu ana roƙon baƙi su zagaya ta gefe, kada su ratsa ciki.

Tsuntsaye da dama na tudun a ƙasa suke yin sheƙa, cikin ciyawa. Shi ya sa daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli ake buƙatar kowa ya riƙe karensa da igiya, lokacin kuma ya zo daidai da haihuwar tumaki. Cikin baƙin tsuntsaye akwai wanda ake kira kuku saboda sautin kukansa, mai zuba ƙwansa a sheƙar wani. Na'urorin da masana suka ɗaura wa wasu daga cikinsu sun nuna cewa suna ƙetare Sahara, su ratsa yankin Sahel, su yi hunturu a dazuzzukan Kwango kafin su koma.

Haɗura da shiri

Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne hazo. Yana iya saukowa cikin 'yan mintoci a ranar da aka tashi da rana, tor ɗin da ake bi ya ɓace, ko'ina ya zama iri ɗaya. Saboda haka ba a shiga tsakiyar tudun sai da taswirar takarda da kamfas, don waya kan rasa sabis. Wurin da ya fi ko'ina kore shar a fadama shi ne abin gudu, domin gansakuka ne ke yawo a kan ruwa da laka. Rafin da aka tsallake da safe yana iya fin ƙarfin mutum da yamma in an yi ruwa. Akwai kaska mai ɗauke da cutar Laim, akwai kuma maciji ɗaya mai dafi, dangin kububuwa, wanda bai cika sara ba sai an taka shi.

A arewacin tudun sojoji na da filayen atisaye uku: Okehampton, Merrivale da Willsworthy. Ana sanar da ranakun harbi tun da wuri, a ɗaga jar tuta da rana, a kunna jar fitila da dare.

Sojojin ne kuma ke shirya gasar Ten Tors, wato tor goma, kowane watan Mayu, wadda aka fara a 1960. Matasa sama da 2,000, shida-shida a ƙungiya, suna taka mil 35, 45 ko 55 cikin kwana biyu, ɗauke da abincinsu da tantinsu, babu babba a tare da su. A 2007 an dakatar da gasar ana tsaka da ita saboda ruwan sama da cikar koguna. Akwai kuma wata tsohuwar al'adar neman akwatunan da aka ɓoye a ƙarƙashin duwatsu, kowanne da hatimi da littafin sa hannu. Ta samo asali a 1854, lokacin da wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can tsakiyar fadamar arewa, don duk wanda ya iya kaiwa ya bar katin sunansa.