Ciwon ƙirji ba na kemis ba ne

An daɗe ana ɗaukar kowane zafi a ƙirji a matsayin olsa ko sanyi, shi ya sa da zarar magidanci ya dafe ƙirji, sai a aiki yaro kemis ya karɓo farin maganin ruwa, ko a dafa masa citta da kanumfari. Gaskiya ne ƙwarnafi yana kawo zafin ƙirji, amma toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini ma takan zo da wannan kama, kuma mai kemis, komai ƙwarewarsa, ba shi da kayan bambance su.

Idan mutum ya ji nauyi kamar an ɗora masa dutse, zafin yana miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi da sarƙewar numfashi, to sashen gaggawa na babban asibiti ya kamata a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. A can za a liƙa masa wayoyin na'urar awon zuciya, wanda ƙa'ida ta ce a yi cikin minti 10 da isowarsa, sannan a ɗibi jini a ga ko naman zuciyar ya ji rauni. Naman da ya rasa jini mutuwa yake yi, kuma ba ya farfaɗowa, don haka "bari mu ga safiya" tana da tsada. Masu ciwon suga da tsofaffi da mata kuwa, wani lokaci kasala da tashin zuciya kawai suke ji idan jijiyar ta toshe. Kada kuma mara lafiyar ya tuƙa kansa.